Ƙusar Baba Sallau

A shagonmu na Kasuwar Katako, can ƙurya,
bayan tulin maɗaci da malaina,
akwai wata ƙusa da Baba Sallau ya kafa,
nan yake rataye matattun bel na samfefa.
Ba ya yarwa. Ya ce gawa ma tana magana
in ka iya tambayarta.

Ranar da na tsinka na uku a mako guda
na ce laifin mai kantin Dilimi ne,
jabu yake sayar mana, Allah ya isa.
Baba bai tanka ba. Ya ajiye kofin shayi,
ya miƙa hannu sama.

Ya ce, Jatau, duba wannan.
Yashinsa sabo fil, a mahaɗi ya rabu.
Juya bayansa. Ka ga kibiya?
Gabas ta nuna, ka tura shi yamma,
katako ya yi ta cin bakin gam
har ya ɓanɓare shi.

Wannan kuwa damina ce ta ci shi.
Ka bar shi a siminti cikin Agusta,
ruwan Jos kwana huɗu bai ɗauke ba,
ya sha raɓa ya kanannaɗe kamar ganda.
Da ka ga haka, ka kai shi bakin gawayi,
ya bushe ya yi ƙaras.
Abin da sanyi ya rage, wuta ta ƙarasa.
Rataye ake yi, ɗana, a inuwa,
a kan abu mai faɗi, nesa da bango.

Na uku yana sheƙi kamar sanƙo.
Bai mutu ba, in ji shi, toshewa ya yi:
ɗanyen katako, tsohon fenti, danƙo
sun cike masa haƙora.
Ya ɗauko tafin tsohon takalmin roba,
ya tada inji, ya kara a hankali,
sai ga yashi ya buɗe ido.
Ni da na riga na yi masa jana'iza.

Sai ya kama kafaɗata.
Nan ciwon yake.
Kana danne inji kamar mai kokawa da rago,
zafi ya taru, gam ya saki,
katako ya yi baƙin zane.
Injin ya san nauyinsa, ba ya neman naka.
Kuma kar ka aiki lamba ɗari da ashirin
aikin lamba arba'in.
Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai mai tsagaggen gefe,
wanda ya karkace ba a murɗa masa kusurwa ba,
ya yi ta gogar ƙarfe yana kuka, ba mai ji.
Akwai wanda guntun ƙusa ya farke
a tsohuwar ƙofa daga Tudun Wada.
Akwai huɗu a ɗaure wuri guda.
Nan ya yi shiru, ya sosa gemu.
Waɗannan nawa ne, ya ce. Araha na gani,
na sayi kwali, ya shekara uku a ƙasan benci.
Gam ma yana tsufa ko ba a taɓa shi ba.

A can ƙasa akwai guda ɗaya,
sumul kamar tafin hannunsa,
mahaɗi lafiya, gefe lafiya.
Kujeru sittin na makaranta ya goge.
Shi kaɗai ya mutu da kwanansa.

Yanzu ina da rumfata a Bukuru.
Jiya na ji fat! daga bayan shago,
sai ga Davou riƙe da bel biyu-biyu,
yana zagin mai kanti.
Na ajiye shayina.
Na ce, miƙo mini guduma
da ƙusa inci huɗu.